Dutsen da na sa yarinya ta jefar

Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka tura ni wani ƙauye na Damargu, ba nisa ƙwarai da Tanut. Ajin zana ne, CM1 da CM2 a haɗe, yara sun haura sittin, allo ɗaya, ni kaɗai. Wata safiya cikin hunturu ina tsakar rubutu a allo sai na ji ƙus-ƙus a layin baya. Da na juya na ga wata yarinya tana tura wani abu cikin hijabinta. Na ce ta kawo. Dutse ne kamar dunƙulen hannun babba, sumul, a naɗe kamar gammo, da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, ga wasu siraran layuka a jikinsa sai ka ce zanen ƙwarya. Ta ce a wurin kiwon awaki ta tsinto shi. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Mushe, wa ya sassaƙa shi?"

Ban sani ba. Maimakon in faɗa mata haka, sai na ɗaure fuska na ce lakwal ba wurin wasa da duwatsu ba ce, ta fita ta jefar. Ta fita ta jefar, ta dawo ta zauna, kuma har aka tashi ba ta sake buɗe baki ba. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara ya san irin wannan faɗan da muke yi idan tambaya ta fi ƙarfinmu. Da aka fita shan iska na zagaya bayan aji kamar mai neman wani abu, na ɗauke dutsen na sa aljihu. Shekara kusan ashirin ke nan, yana nan bisa teburina, shi nake danne takardun yara da shi.

Abin kunyar shi ne ni ma na tashi cikin irin waɗannan duwatsu. Ɗan Adar ne ni. Muna yara, lokacin da aikin furojen Keita da aka fara a 1984 ya sa iyayenmu mata suna kwasar duwatsu a ka don tare ruwa a fako, mu kuma muna bin bayansu muna tsintar wasu ƴan duwatsu masu kama da ƙosai, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansu. Da su muke dara, da su muke harbin kurciya. Ban taɓa tambayar kowa asalinsu ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in tambaya. Sai ga ɗiyar wani ta yi tambayar da ban yi ba, na kore ta.

Da hutu ya zo na sauka Damagaram da dutsen, na kai wa wani malamin SVT na lise wanda muka saba. Ko juya shi bai gama yi ba ya ce, "Amonit ce." Ya jawo wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, ya buɗe mini hotuna. Ranar na fara jin cewa abin da ke hannuna gidan wata dabbar teku ce, kamar katantanwar dodon koɗi, wadda ta mutu ta nutse cikin laka, lakar ta cika gidan, ta daskare ta zama dutse, katantanwar kanta ta narke ta bar siffarta. Na ce masa, teku a Tanut? Inda mata ke kwana a bakin rijiya? Ya yi dariya ya ce in zauna.

Ga abin da na koya daga gare shi, da abin da na bi na karanta daga baya. Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan tekunan duniya ya hau sosai, har wani reshe na teku mara zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ta ƙasashen da yau muke kira Aljeriya da Libiya, ya malale bisa babban yanki na Nijar, ya bi ta kwarin Binuwai ya haɗu da tekun kudu. Ruwan ya zo ya koma, ya sake dawowa, ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa ya bar nasa shimfiɗin laka da farar ƙasa, da gawarwakin abin da ya rayu a ciki. Na Damargu suna cikin na farko-farko. Wani Bafaranshe masanin duwatsu mai suna Daniel Schneegans ya yi rubutu a kan halittun Damargu a 1943, har ya raɗa wa wani jinsin amonit suna Nigericeras, wato ƙahon Nijar. Tawa mai kumburin nan, malamin ya ce ta fi kama da waɗanda ake kira Vascoceras, waɗanda kuma ake samu da yawa a wurin haƙar dutsen siminti na Ashaka, can jihar Gombe ta Najeriya. Ruwa ɗaya ne ya shayar da mu da su.

Sunan amonit ɗin ma daga Afirka ya fito. Mutanen Masar na dā suna da wani abin bauta, Amon, da suke zanawa da ƙahon rago a murɗe, shi ne Rumawa suka riƙa kiran dutsen ƙahon Amon. Da na koma ƙauye na tambayi yara ko suna da sunan da suke kiransa, wasu suka ce ƙahon rago, wasu suka ce naɗin maciji. Na yi mamaki da na karanta cewa a garin Witbi na Ingila ma macizai ne mutane suka ɗauke su, har masu sayarwa suna sassaƙa musu kai don ciniki ya yi kyau. Idon ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina.

Daga nan cutar ta kama ni. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan dacewa. Ranar Alhamis da yamma da ranar Lahadi sai in ɗauki guduma da tsohon buroshin haƙori da gorar ruwa in bi kwazazzabai. Mutanen gari suka fara cewa sabon mushen nan zinariya yake nema, wasu suka ce a'a, aljanu ne suka shafe shi. Da na yi aure, uwargida ta iske kwalayen sukari huɗu cike da duwatsu a ƙarƙashin gado, ta tsaya ta dube ni ta ce, "To, Malam, waɗannan su ne gadon da za ka bar wa ɗiyanka?" Har yau idan za mu ƙaura, ita ke fara tuna wa mai mota cewa akwai kaya masu nauyi marasa amfani.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dabbar kanta. Amonit ta ƙare a duniya, amma danginta suna nan cikin teku. Masana suna kiran gidansu duka sefalofod, daga kalmomin Girkanci biyu, kai da ƙafa, saboda hannuwansu a kewaye da baki suke tsirowa. Ni dai a aji masu-ƙafa-a-ka nake ce musu, yara kuma sun fi riƙe wannan. Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2010 zai tuna da Paul, dabbar nan mai hannu takwas da ke cikin akwatin gilashi a Jamus, wadda aka riƙa ajiye wa tutoci biyu tana zaɓa, har ta dace da Sifen a wasan ƙarshe. A fadarmu an sha musu a kanta, wasu na cewa duba ne, wasu na cewa sa'a. Ni abin da ke raina daban ne: a karon farko ina ganin ƴar'uwar dutsena tana motsi a talabijin. Wannan dabba zuciya uku gare ta. Jininta shuɗi ne, don jan ƙarfe ke ɗaukar iska a cikinsa, ba baƙin ƙarfe irin namu ba. Tana sauya launin fatarta cikin ƙiftawar ido, fiye da hawainiya nesa ba kusa ba, idan kuma aka matsa mata sai ta fesa baƙar tawada ta ɓace a ciki. Mafi yawan ƙwayoyin jijiyarta ma a hannuwa suke.

Amma wadda ta fi taimaka mini in gane dutsena ita ce notil, wadda har yanzu ke rayuwa a tekun Indiya da Pasifik, cikin gida naɗaɗɗe. Idan aka raba gidan biyu za a ga ɗakuna a jere, kowane da bangonsa, daga ƙarami a tsakiya zuwa babba a baki. Dabbar a ɗakin ƙarshe take zaune. Idan ta girma sai ta matsa gaba, ta gina bango a bayanta, ta bar tsohon ɗaki. Wani siririn bututu na nama ya ratsa ɗakunan duka, da shi take zuƙe ruwan da ke ciki, iska ta maye gurbinsa, ta haka gidan ke ɗaukar ta cikin ruwa ba ta nutse ba. Tamkar masuncin da ya rungumi gora ne, sai dai ita gorar tata jikinta ce. Layukan nan da yarinya ta ɗauka sassaƙa ce, wurin da bangon kowane ɗaki ya haɗu da katantanwa ne.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi koya mini abu. Wani hutu da na je gida Adar na samo wani naɗaɗɗen dutse babba cikin farar ƙasa, kusa da inda muke tsintar masu zanen tauraro. Na wanke shi, na rubuta "amonit" a takarda na liƙa, ina ta alfahari. Bayan shekaru wani ɗalibin ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni, ƙanen abokina, ya kwana gidanmu. Na fito masa da kwalaye kamar mai nuna lefe. Ya ɗauki wannan ya duba, ya ce, "Yaya, wannan ba amonit ba ce, notil ce." Ya nuna mini: layukan bangon notil a sauƙaƙe suke, lanƙwasa ɗaya ko biyu, na amonit kuwa suna da ƴan kunnuwa da lauje-lauje kamar bakin ganye. Bututun notil ta wajen tsakiyar bango yake bi, na amonit ta gefen waje. Sannan ya ce ko da bai duba layukan ba, wurin da na ce na samo shi ya isa ya sa shi shakka, domin wannan farar ƙasa ta sama, irin wadda ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato, ta kwanta ne bayan amonit sun riga sun ƙare.

Na daɗe ina juya wannan magana. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko, kuma a wannan lokacin ne dinozor suka ƙare, amonit ma suka bi su, bayan sun shafe fiye da shekara miliyan 300 a teku. Notil ta tsira. A Adar, cikin shimfiɗun ƙasa-ƙasa akwai amonit na ƙarshe-ƙarshe, irin su Libycoceras. Ka hau sama kaɗan zuwa farar ƙasa, sai ka iske notil da masu zanen tauraron nan, waɗanda su ma ashe wasu halittun teku ne masu ƙaya kamar bushiya, amma amonit babu ko ɗaya. Wato tsaunin da na yi kiwo a gindinsa yana ɗauke da shaidar ɗaya daga cikin manyan masifun da suka taɓa auka wa duniya, ni kuma ina harbin kurciya da ita.

Ba kowa ya ji daɗin wannan sabon ilimi nawa ba. Tun ina Damargu, bayan na fara kai duwatsun aji, wani dattijo mai makarantar allo, wanda jikokinsa uku ke wurina, ya zo ya same ni bayan la'asar. Muka gaisa, ya zauna bisa tabarma, ya ce, "Malam, yara sun ce ka ce nan teku ne dā. Wannan ban musa ba, ruwan ɗufana ya rufe ko'ina. Amma sun ce ka ce shekara miliyan casa'in. Wa ya zauna ya ƙirga?" Na san idan na amsa da raini, gobe kujeru uku za su zama wayam, wataƙila ma fiye. Na kuma san idan na janye maganata don in zauna lafiya, na sake korar yarinyar nan karo na biyu.

Na ce masa, "Baba, kun fi ni sanin rijiya. Mai haƙa yana wuce rairayi, ya iske laka, ya iske dutse, kuma na ƙasa ya riga na sama kwanciya." Ya ce haka ne. Na ce to masana sun lura kowane shimfiɗi da irin amonit ɗinsa, kuma irin na Damargu ana samun danginsu har a jihar Kolorado ta Amurka, inda suke kwance tsakanin shimfiɗun tokar dutse mai aman wuta. Cikin tokar akwai ƴan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, shi kuwa yuraniyom a hankali yake rikiɗa ya zama darma, bisa wani ma'auni da ba ya sauyawa. Idan aka auna nawa ya rikiɗa, nawa ya rage, sai a san tsawon lokacin. Na ƙara masa da cewa wannan tunani bai fara daga Turawa ba. Al-Biruni, kusan shekara dubu da ta wuce, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a dā, hujjarsa kuwa katantanwar da ake samu cikin duwatsu idan ana haƙa rijiya. Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da halittun ruwa a cikinta, a littafinsa Ash-Shifa.

Dattijon ya yi shiru, ya karɓi dutsen ya jujjuya. Ya ce sunayen malaman ya san su, lissafin miliyan kuwa ya bar wa Allah da masu yin sa. Bai yarda da adadin ba, har na bar garin bai yarda ba, ni ma ban matsa ba. Amma jikokinsa ba su fasa zuwa ba, kuma da aka yashe wata rijiya a unguwarsu ya aiko mini da wata katantanwar dutse a ƙulle cikin tsumma.

Maganarsa ta sa na gane cewa miliyan ba ta shiga kan kowa, babba ko yaro, idan ba a auna ta da abin da ido ke gani ba. Yanzu ga yadda nake yi, kuma kowane malami zai iya. Ina ce wa yara mu ɗauka kowace shekara milimita ɗaya ce a jikin mita. Samun ƴancin kan Nijar a 1960 bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, santimita 27, bai cika tsawon ƴar rigar awo ta cikin jakarsu ba. Hijira, mita ɗaya da santimita 40. Sai in ce to ranar da amonit ɗin nan ke iyo a Tanut fa? Su yi ta cinta: bakin ƙofa, bakin kasuwa. Sai in ce kilomita 94, kusan tafiyar Ƙonni zuwa Sakkwato. Shirun da ke biyo baya shi ne abin da na fi so a duk shekarar karatu. Bayan haka sai mu kankare ɗan garin farar ƙasa mu matsa masa lemun tsami, su kawo kunne su ji yana ƙuna yana kumfa, mu gwada da tsakuwar fako su ga ba ta yi.

Akwai wani laifi nawa da ya kamata in faɗa, don kada wani ya maimaita. Cikin zumuɗin farko na ce duk yaron da ya kawo mini dutse mai kyau zan ba shi alewa. Cikin mako biyu suka share wani gangare tas, suka tara mini tuli a bakin aji, ba wanda ya san wanne ya fito daga ina. Ɗalibin jami'ar nan ne ya fahimtar da ni daga baya cewa dutsen da ba a san wurinsa da shimfiɗinsa ba ya rasa fiye da rabin amfaninsa, ya zama abin ado kawai. Mafi muni, labari ya bazu cewa duwatsun suna da daraja, sai ga wani mai kat-kat yana bi yana saye a hannun yara dala ashirin-ashirin, yana cika buhu. Ni na buɗe wannan ƙofa. Ƙasarmu tana da doka tun 1997 da ke kare kayan tarihi, ba a fitar da su waje ba da izini ba, amma doka tana Yamai, buhu yana ƙauye. Tun daga ranar na daina ba da lada. Ƙa'idata yanzu: a ɗauki abin da ruwa ya riga ya zubo, kada a fasa tsauni, ɗaya ko biyu sun isa aji, kuma kafin dutse ya shiga kwali sai an rubuta a kaye wurin da aka same shi, ranar, da sunan yaron da ya gani. Idan ƙashi ne babba, a bar shi inda yake, a ɗauki hoto da salula, a sanar da hukuma.

Wani zai ce yaran da ba su iya karanta jimla ɗaya ba a CM2, ina ruwansu da dabbar da ta mutu tun kafin a yi mutane? Tambaya ce mai nauyi, ni ma nakan yi wa kaina ita. Abin da na gani dai shi ne yaron da ba ya rubuta layi biyu a darasin rubutu ya cika shafi guda yana bayanin inda ya tsinci dutsensa, don nasa ne, kuma yana son a san shi ya gani. Littattafanmu suna nuna musu dutsen ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni. Ƙasar da Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus a Gadufawa, ƙasar da aka raɗa wa Nigersaurus sunanta a 1999, yaranta da yawa ba su taɓa jin waɗannan sunaye ba, ko da yake ƙasusuwan irin waɗannan halittu suna nan a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Iyaye, idan hanya ta kai ku Yamai da yara, ku ware awa biyu ku shiga. Idan kuma ɗanku ya shigo gida da dutse a aljihu, kafin ku ce ya zubar, ku tambaye shi inda ya samo.

Ita kuwa yarinyar, da aka koma hutu na kira ta gaban aji na fito da dutsen. Ta gane shi nan take, ta sunkuyar da kai tana zaton wani faɗan ne. Na ce wa ajin ranar da ta yi tambaya ban san amsa ba, shi ya sa na yi faɗa, kuma ban kyauta ba. Na zana musu ɗakunan a allo, na ba ta alli ta ƙirga layukan da ke jikin dutsen, ta samu goma sha ɗaya. Na ce ta ɗauki abinta. Ta ce a'a, in riƙe, ta san inda sauran suke.

Bana idan damina ta ɗauke, ruwa ya gama wanke kwazazzabai, zan fita da ƴan CM2 ranar wata Asabar da sassafe, mu dawo kafin rana ta yi zafi. Na riga na nemi izinin darakta. Abin da ya rage shi ne iyaye biyu da za su raka mu, mace da namiji, da wanda zai ara mana amalanke don bidon ɗin ruwa.